Kwalayen Zai-Sauko

Duk layin nan babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Zai-Sauko ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka tsaya bakin shagonsa kana kukan tsadar sukari, sai ya gyara zama a kan benci, ya ɗaga maka hannu kamar mai tsayar da mota, ya ce, "Kwantar da hankalinka, zai sauko." Man girki zai sauko. Sabulu zai sauko. Ran da tela maƙwabcinsa ya dawo daga asibiti aka ce jininsa ya hau, Zai-Sauko ya buɗe baki ke nan tela ya tare shi: "Na sani, na sani, kar ka wahalar da kanka." Aka yi ta dariya, har da shi.

Mutum ne siriri, ya ba hamsin baya, mai tsabta har ta so ta yi yawa. Shagon kayan masarufi gare shi, a hannun mahaifinsa ya gaje shi, tare da wata ƙa'ida da tsohon ya bar masa: abin da ka saro, ka ɗora 'yar ribarka a kan kuɗin da ka saro shi, ka sayar. Ko gobe kasuwa ta tashi, kayan da ke kan kanta ba su san an tashi ba, don haka babu mai ƙara musu ko sisi. A zamanin tsohon wannan ƙa'ida ba ta cuci kowa ba, don a lokacin farashi sai ya shekara yana barci wuri ɗaya. To amma yanzu fa? Yanzu da za ka tambayi kuɗin kaya da safe, ka je ka wanke fuska ka dawo, a ce maka ai wancan na ɗazu ne!

Ga yadda abin ya riƙa cin sa. Sai ya sayar da kwalin madara kaf a tsohon farashi, ya haɗa uwa da riba, ya hau babur ya tafi wurin 'yan sari. A can a ce masa kuɗin nan ba su kai kwali ba. Ya sayo abin da suka kai, ya dawo yana cewa zai sauko. Ciniki kuwa ba a magana, shagonsa ya fi kowane shago a layin cika, wa zai ga araha ya wuce? Kullum aljihu da kuɗi, kullum kanta na ramewa. Matarsa ta faɗa har bakinta ya gaji.

"Baban yara, kai fa ba ciniki kake yi ba, rabo kake yi. Mai rabo ma ai ana yi masa godiya."

Shi kuwa sai ya ce ba zai tsawwala wa talaka ba, kuma ba a kansa za a karya maganar tsoho ba.

Ranar da gurbi na farko ya buɗe a kantar sama, ya daɗe yana kallonsa, ya ga ya yi kama da giɓi a bakin mutum. Ya ɗauko fankon kwalin sabulu, ya naɗe bakinsa da salatif, ya hau kujera ya cusa shi a wurin. Na ɗan lokaci ne, in ji shi, kafin kaya su sauko. Daga nan sai kantar sama duka. Sai bangon baya, tun daga ƙasa har rufi. Kayan gaske suka dawo 'yan kaɗan a gaba, inda hannu ke kai wa, sauran duk iska ce a naɗe. Kuma kowace safiya sai ya bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya da tsumma yana goge musu ƙura, wanda ya lotsa ya gyara masa kusurwa. Mai wucewa ya leƙo ya ce, "Kai, Zai-Sauko, kai kam tsadar nan ba ta san ƙofarka ba." Ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi.

Da shagon nasa ne shi kaɗai, da da sauƙi, mutum ya ci kansa ba ruwan kowa. To ba nasa ba ne shi kaɗai. Ginin na haya ne, kayan ciki su ne dukiyar, kuma tsohon kafin ya cika ya faɗa da bakinsa cewa rabi nasa, rabi na ƙanwarsa Auta. Auta na aure a wani gari mai nisa, ta bar rabinta a hannun yayanta yana juya mata. Duk shekara yakan aika mata ɗan wani abu. In ta tambayi lafiyar shago, sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗauki hoto da waya ya tura mata, kwalaye reras har sama.

Wata Litinin da hantsi, yana cikin auna wa wata mata sukari, wayar ta yi ƙara.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina jin ki, Auta. Ya yaran?"

"Lafiya lau suke. Yaya, an sallami babansu daga aiki. Kamfanin ya rufe, kowa an ce ya kama gabansa."

Ya yi salati, ya yi jaje. Amma muryarta ba ta mai kuka ba ce, ta wadda ta riga ta yanke shawara ce. Ta ce sun koma gidan surukanta da zama. Ta ce akwai ɗaki a bakin titi, kafinta ya buga mata kantoci, har an yi fenti. Za ta sayar da 'yan kunnenta da warwaronta ta biya kafinta, ragowar ta ɗauko shatar mota.

"Ran Asabar zan zo in ɗauki rabina. Kar ka ce za ka haɗa mini kuɗi, kuɗi yanzu kafin ka juya sun narke. Kaya nake so. Ai na ga hoton da ka turo, ma sha Allah, rabin wannan ma sai ya cika ɗakina ya yi saura."

Matar da ke jiran sukari ta ce, "Malam, ya zube fa." Ya duba, sukari ya cika ma'auni yana malala a kan kanta. Bakinsa kuwa, ba tare da ya shawarce shi ba, ya ce a waya, "Allah ya kawo ki lafiya, Auta."

Da yamma ya shiga gida, ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Matarsa na guga a ƙasa, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya ta ajiye dutsen gugar. Ya faɗa mata. Ita kaɗai ce ta san sirrin bangon baya, don ita ke ɓoye masa fanko a bayan ɗakin girki kar a hura wuta da su.

"Kira ta yanzun nan," in ji ta. "Yanzu, kafin ta kai zinarenta kasuwa."

"In ce mata me?"

"Ka ce mata gaskiya mana! Ka ce babu."

"Yarinyar da na goya? Tana cikin wannan hali in ce mata na cinye mata gado?"

"Ba ka ci ba, ka rabar. Amma in ka bari ta zo da mota, wallahi gara a ce ci ka yi."

Ya ce zai cike gurbin kafin Asabar. Ta tambaye shi da me. Ya leƙa tsakar gida inda babur ke jingine, ita ma ta bi idonsa da kallo, sai ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba da abin da take yi. Ta danna wa rigar nan ƙarfi har sai da ta yi ƙauri.

Babur ɗin shi ne ƙafarsa, da shi yake zuwa sari, da shi yake kai ta asibiti in ciwon bayanta ya tashi. Ya kai shi wurin dillalai. Abin haushin, komai na tashi a ƙasar nan ban da abin da kai za ka sayar. Wurin cike yake da babura, kowa ya kawo nasa, kowa fuska a murtuke. Dillali ya zagaya shi, ya daki taya da ƙafa, ya murɗa ya saurari inji yana yatsina fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ya yi tayin wulaƙanci. Zai-Sauko ya ce albarka, ya tura babur ya dawo gida. Washegari ya koma, aka taya ƙasa da na jiya. Ya sallama.

Ran Laraba ke nan, kuɗi na aljihunsa. Ba za su cike rabin shago ba, ko kusa, amma da ya wuce kasuwa kai tsaye da ya samo abin da zai rufe gindin mota, ya haɗa da na kan kanta, ya roƙi Auta ta yi haƙuri da sauran zuwa gaba. Hanyar kasuwar ma ya nufa. Sai ƙaddara ta sa ya biya ta shago don ya sha ruwa.

A bencin ƙofar shagon kullum akwai majalisa, tela da wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi, da duk wanda zafi ya koro. Nan ake gyara ƙasa kowace rana. Nan ake sauke farashin mai, a ɗaure masu ɓoye kaya, a kori wanda za a kora, sannan kowa ya tashi ya tafi gida da yunwarsa. Ranar tsohon direba har ya miƙe tsaye don zumuɗi.

"Zai-Sauko, zo ka ji, ranarka ta zo! An ce kaya sun iso iyaka, manyan motoci jere ba a ganin ƙarshensu. An ce za a cire haraji. Ran Juma'a farashi zai faɗo warwas."

"Wa ya faɗa?" in ji tela.

"Mijin 'yar ƙanena, a can yake aiki. Kuma an faɗa a rediyo."

"Kai ka ji a rediyon?"

"Wanda ya ji ne ya faɗa mini."

Duk mai hankali ya san nauyin irin wannan labari. To amma ka tuna wa ake faɗa wa. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa zai sauko ana yi masa dariya, yau ga wani na cewa ran Juma'a. Zai-Sauko ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa. In ya saya yau, ya saya da tsada. In ya jira jibi, kuɗin babur za su sayo ninki, ya cika wa Auta mota, kuma layin nan kaf su san ba hauka yake yi ba. Ya zauna a benci ya sha ruwansa. Bai je kasuwa ba.

Da matarsa ta ji, ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsorata shi. Cewa kawai ta yi, "Ka sayar da ƙafarka, ka zauna kana jiran maganar mijin 'yar ƙanen direba." Ta tashi ta shiga ɗakin girki.

Ran Alhamis wani abu ya faru da ya ƙara masa zafi. Akwai wani mai baro da ya daɗe yana sayen kaya a wurinsa kwali-kwali, wai dafa wa leburori abinci matarsa ke yi. Zai-Sauko har ragi yake yi masa. Ranar mutumin ya zo ya sayi kwalin man girki, ya tura baro ya tafi. Zai-Sauko ya fito zubar da shara ta bayan layi, sai ga mai baron nan yana sauke kwalin a ƙofar bayan shagon da ke tsallaken titi, shagon Mai Tabarau.

Mai Tabarau matashin ɗan kasuwa ne, bai daɗe da zuwa layin ba. Kullum waya a kunne, yana tambayar yadda kasuwa ta kwana, yana sauya farashi da alli a jikin allo. Zai-Sauko ya tsallaka, ya tura ƙofar ba sallama. Tun zamanin tsoho, duk kwalin da ya saro sai ya ɗiga masa jan fenti a kusurwa don kar ya ɓace a motar haya. Ga su nan a ɗakin ajiyar Mai Tabarau, jibge, kowanne da jan ɗigonsa. Madara, sabulu, mai, sukari. Kayan gaske, masu nauyi.

"Wannan fa?" Ya nuna jan ɗigon da yatsa.

Mai Tabarau ko gezau. Ya sauke waya, ya gyara tabarau. "Sannu da zuwa, Baba. Naka ne, saya na yi. Akwai wanda ban biya ba?"

"Na talakawa ne! Don talakawa na bar shi a haka!"

"To ni ma ai ba mai kuɗi ba ne. Baba, ka yi mini adalci. Kayanka sun fi na 'yan sari araha, ga shi ba kuɗin mota, titi kawai za a tsallaka. In ban saya ba wani zai saya. Ka zaci matan nan da ke cika maka shago duk girki suke yi da shi? Rabinsu a ƙofar gida suke kasawa."

Zai-Sauko ya sake duban kwalayen. Ya ji kunya ta rufe shi, kunya mai zafi, irin ta wanda ya gane shi kaɗai ne bai san abin da kowa ya sani ba.

Mai Tabarau ya rage murya. "Na san halin da kake ciki. Mai baro ya ce ran nan ya jingina da bangon bayanka, bangon ya motsa. Kuma na ji ƙanwarka na tafe. Ga shawara. Ina neman ɗakin ajiya a bakin titi. Ka bar mini shagon, mu je wurin mai gida a mayar da haya sunana, ni kuma in cika wa ƙanwarka mota da kaya. Ka fita kunya, ka koma gida ka huta."

"Shagon ubana?"

"Ɗakin haya, Baba."

"Gobe farashi zai sauko," in ji Zai-Sauko, "za ka zo kana roƙo a saya." Ya juya ya fita.

Juma'a tun da sassafe ya kama hanyar kasuwa a ƙasa, hannu dafe da aljihu. Tun daga bakin layin 'yan sari ya san ba lafiya. Rabin rumfunan a rufe, masu su na zaune a waje sun harɗe ƙafa. Ya je wurin dilan da ya saba da shi shekara da shekaru.

"Ya ake ciki? An ce ya sauko."

Dilan ya dube shi kamar ya yi masa kuka. "Wa ya ce? Jiya da yamma ya tashi, yau da safe ya ƙara. Ni yau ba na ma sayarwa sai na ga inda ta tsaya. In na sayar maka yanzu, gobe da me zan mayar?"

Ka ji fa. Maganar da matarsa ta shekara tana yi masa, ga ta a bakin dila cikin numfashi ɗaya. Ya yi ta zagaye kasuwar, rana na dukansa, daga wannan rumfa zuwa waccan. Inda aka yarda za a sayar, kafin ya gama tunani wani ya miƙo kuɗi ta kan kafaɗarsa. Wani ya faɗa masa farashi, ya je ya dawo, ya ce an ƙara. A ƙarshe ya saya don dole. Duk kuɗin babur, baro ɗaya ya kwashe kayan bai ko cika ba. Ya biyo yaron da ke turo baron a baya har shago, yana kallon kwalayen suna rangaji, ya ji kamar ya zauna a bakin titi ya yi ta kuka.

Asabar ya buɗe shago da wuri, ya goge kwalaye kamar kullum, don hannunsa bai san wani abin ba. Auta ta kira ta ce sun shigo gari. Ya tsaya ya dubi kantar da tsoho ya buga da hannunsa, ya dubi kujerar da ya gada. Sai ya tsallaka titi.

Mai Tabarau na goge allo yana rubuta sabon farashi.

"Na yarda," in ji Zai-Sauko. "Ka ɗauki shagon. Ka cika mata motar."

Mai Tabarau ya busa allin da ke yatsunsa. "Ayya, Baba. Wancan tayin na shekaranjiya ne. Kai ma ka je kasuwa jiya, ka gani. Yau in na yi ƙoƙari, rabin mota."

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah!"

"Ina jin tsoronsa. Ka tsaya har gobe, rabin ma ba zan iya ba."

Bai kai ga amsawa ba ya ji hon. Wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shagonsa, Auta ta sauko daga gaba tana gyara mayafi. Ta yi ƙiba, ta yi kama da mahaifiyarsu. Kunnuwanta babu komai, sai huda.

"Yaya!" Ta ɗaga masa hannu tana dariya. Ta durƙusa ta gaida tela da tsohon direba, waɗanda suka san ta tun tana rarrafe a ƙofar nan. Ta shiga shago ta ɗaga kai ta bi kwalaye da kallo har rufi, idonta ya ciko. "Kamar Baba na nan. Allah ya saka maka da alheri, Yaya."

"Auta, zauna ki sha ruwa, akwai maganar da..."

"A'a, direba na sauri, so yake mu koma da rana. Mu yi lodi tukuna." Ta leƙa waje ta kira ɗan dakon da suka ɗauko a tasha, wani ƙato mai gammo a kafaɗa. "Fara daga bangon can, ka bar masa na gaba saboda ciniki."

Zai-Sauko ya ja gefe ya ba shi hanya. Ɗan dako ya je gaban babban kwalin sabulu, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ware ƙafafu, ya tattara ƙarfinsa duka ya sunkuto shi. Kwalin ya tashi sama kamar hula, ƙaton ya yi baya taga-taga ya daki jeren da ke bayansa. Jeren ya zubo masa a ka. Ba ƙara, ba fashewa, sai wani ɗan kwaf-kwaf mara nauyi. Ɗan dako ya zauna a tsakiyarsu yana ƙifta ido.

Auta ta dubi kwalayen da suka warwatsu a ƙasa. Ta je ta tura ƙyauren shagon ta rufe, don kar na benci su gani. Sannan ta bi bangon nan tana ƙwanƙwasa kwalaye da bayan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tana saurara. Ta hau kujera ta ƙwanƙwasa na sama. Ta sauko. Shi dai yana tsaye yana kallonta.

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe. Ban ci ba, Auta, wallahi ban ci ba. Ƙa'idar Baba na riƙe, kasuwa ce ta..."

"Ban tambaye ka ko ka ci ba." Muryarta ƙasa-ƙasa, ta fi ihu ciwo. "Ran da na kira ka, zinarena na cikin akwati. Ban biya kafinta ba, ban kama mota ba. Kalma ɗaya, Yaya. Babu. Shi ke nan abin da za ka ce."

"Na ji kunyarki."

"Ka ji kunyata, sai ka bar ni in je in ji ta duniya."

Ya nuna kayan gaba da na baron jiya. "Ki kwashe duka. Babur na sayar na ƙaro. Ki kwashe, kar ki bar mini ko ashana."

Ta dubi 'yan kayan, ta dubi bangon. Ta share ido da gefen mayafi. Da ta yi magana, kamar da kanta take yi.

"Surukata ta gaya wa duk unguwa cewa matar ɗanta na da rabin shago. Yanzu haka suna ƙofar gida suna jiran mota. Mijina ko fita ba ya yi, wannan motar ce kaɗai abin da zai ɗaga kai da shi." Ta ja numfashi. "Rabi Baba ya ce, rabi zan ɗauka. Na gaskiyar da na ƙaryar."

"Auta, fanko za ki..."

"Kai da ka shekara kana zaune da su, ni ba zan iya wata ɗaya ba?"

Ta juya wurin ɗan dako, ta kwance bakin zane ta ƙara masa wani abu a kan ladansa. "Bawan Allah, ka ga abin da ka gani, ka bar shi a nan. Kowane kwali ka ɗauka, ka ɗauke shi kamar mai nauyi." Ta kira direban motar ciki ta yi masa bayani. Direban ya sosa ƙeya, ya ce to sai dai a sa marasa nauyin a ƙasa, a danne su da masu nauyin, a ja igiya sosai, in ba haka ba iska za ta watsar da su a hanya.

Aka buɗe ƙyaure. Ɗan dako ya fito da kwalin farko a kafaɗa, ya ranƙwafa, jijiyar wuya a miƙe, yana nishi yana taku da ƙyar. Wallahi mutumin ya iya, har cewa yake a ba shi hanya. Ya dire a mota da "wash!", ya koma ya ɗauko wani. Mutanen layi suka taru suna kallo. Mota ta yi ta cika har ta yi tozo.

Tela ya dafa kafaɗar Zai-Sauko. "Ka ga riƙon amana. A wannan zamanin, wa zai riƙe wa 'yar'uwarsa dukiya haka? Allah ya ba mu irinka." Tsohon direba ya ce amin, har da ɗaga hannu. Zai-Sauko ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Aka ja igiya, aka ɗaure. Auta ta yi sallama da na benci, ta shiga gaba ta ja ƙofa. Ta leƙo ta taga, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci!" Da ya matso kusa, sai ta ce a hankali, ba ta dube shi ba, "Kar ka kira ni. In na iya, ni zan kira ka."

Motar ta tashi. A bakin layi akwai wani tudu da masu kaya ke hawa a hankali, inji na gurnani. Ita kuwa ta haye shi a guje, bayanta ya yi tsalle, yadda motar da ke ɗauke da kaya ba ta taɓa yi. Zai-Sauko ya waiga tsallaken titi da sauri, ya ga ko Mai Tabarau ya lura. Ya lura.